Gidan Hohenzollern: Daga Ganuwar Kan Dutse Zuwa Gadon Sarautar Jamus

Mai nazarin tarihin Turai ba zai fahimci yadda Jamus ta zama ƙasa ɗaya ba sai ya san labarin gidan Hohenzollern. Sunan ya samo asali ne daga wata ganuwa da ke bisa dutse a yankin Suwabiya, kudu maso yammacin Jamus. A shekarar 1061 aka fara ambaton zuriyar a rubuce, a lokacin ba su wuce ƙananan hakimai ba.

Aure ne ya fara ɗaukaka su. Wajen 1192 Friedrich na Zollern ya gaji sarautar ganuwar Nuremberg ta wajen matarsa, daga baya gidan ya rabu biyu. Reshen Suwabiya ya zauna a mahaifa, kuma shi ya bai wa Romaniya sarakuna daga 1866 zuwa 1947. Ɗayan reshen kuwa ya nausa arewa, domin a 1415 Sarki Sigismund ya saka wa Friedrich na Shida da ƙasar Brandenburg, inda Barlin take. Ƙasa ce mai rairayi, ba ta da albarkar noma, amma mai riƙe da ita yana cikin mutum bakwai masu zaɓen babban sarkin daular. A 1618 suka gaji ƙasar Furusiya da ke can gabas. Sai dai yankunan nasu a warwatse suke, babu teku ko tsauni da ya kare su. Wannan rauni shi ya tsara halin gidan har ƙarshensa.

Yaƙin Shekara Talatin, daga 1618 zuwa 1648, ya ragargaza Brandenburg. Friedrich Wilhelm, wanda ya hau gado a 1640, ya gane cewa ƙasar da ba ta da ganuwa sai ta mai da soja ganuwarta. Ya kafa rundunar dindindin, ya ɗora haraji don ciyar da ita. A 1685 ya karɓi 'yan Furotesta kusan 20,000 da suka tsere daga Faransa, suka zo da sana'o'insu. Shi ne kuma ya sa aka gina sansanin Gross Friedrichsburg a gaɓar Ghana ta yau a 1683, inda aka yi cinikin zinariya da bayi.

Ɗansa ya naɗa wa kansa kambi a Königsberg ran 18 ga Janairun 1701, gidan ya shiga sahun sarakuna. Jikansa, Friedrich Wilhelm na Ɗaya, mutum ne mai tsimi da zafin rai. Ya kai rundunar mutum kusan 80,000, ya cika baitulmali, amma da ƙyar ya yi yaƙi da ita. A 1730, da magajinsa ya yi yunƙurin gudu daga ƙasar, sai ya sa aka sare kan abokin yaron, wani hafsa mai suna Katte, aka tilasta wa yariman ya kalla. Wannan yarima shi ne Friedrich na Biyu, wanda ya yi mulki daga 1740 zuwa 1786. Yana hawa gado ya ƙwace Silesiya daga hannun Ostiriya, ya kuma riƙe ta a Yaƙin Shekara Bakwai duk da taron dangin da Ostiriya da Faransa da Rasha suka yi masa. Uba ya wasa takobi, ɗa ya zare shi.

Napoleon ya karya lagon Furusiya a Jena a 1806, amma gyaran da ya biyo baya ya farfaɗo da ita. A 1862 Wilhelm na Ɗaya ya naɗa Bismarck shugaban ministoci. Yaƙi uku suka biyo baya: da Denmark a 1864, da Ostiriya a 1866, da Faransa a 1870. Ran 18 ga Janairun 1871, a fadar Versailles, aka ayyana Wilhelm a matsayin Kaisar na Jamus, shekara 170 cif bayan naɗin Königsberg.

A nan ne tarihin gidan ya taɓa namu. A zamanin wannan Kaisar aka yi taron Barlin na 1884 zuwa 1885, wanda ya shimfiɗa ƙa'idojin mamayar Afirka. A zamanin jikansa, Wilhelm na Biyu, sojojin Jamus suka ci Garwa a 1901, suka karya Lamiɗo Zubairu a Marwa a 1902, bayan Turawan Ingila sun fitar da shi daga Yola. Haka Adamawa ta rabu tsakanin masu mulki biyu.

Wilhelm na Biyu ya hau gado a 1888, bayan mahaifinsa ya yi kwana 99 kacal yana sarauta. Ya sallami Bismarck a 1890, ya shiga gasar gina jiragen ruwan yaƙi da Ingila, ya tara wa ƙasarsa abokan gaba gabas da yamma. Tsarin mulkin 1871 ya bar ragamar soja da naɗin shugaban gwamnati a hannun Kaisar, majalisa ba ta da ikon tsige su. Tsari irin wannan yana tafiya daidai ne muddin mai gado yana da hangen nesa, ko yana jin shawara. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya juya wa Jamus baya, sojan da gidan ya dogara da shi fiye da ƙarni biyu ya janye goyon bayansa. Ran 9 ga Nuwamban 1918 aka sanar da saukar Kaisar, ya tsallaka Holand, ya rasu a Doorn a 1941. A 1947 ƙasashen da suka ci yaƙi na biyu suka soke Furusiya kanta.

Ganuwar kan dutse tana nan har yau a hannun zuriyar, masu yawon buɗe ido ke yanka tikiti su shiga.