Sunaye Biyu a Ƙofar Jami'a: Abdu Mumuni da Ɗan Dikko Ɗan Kulodo

Ɗalibin da ya ci jarrabawar bakaloriya a Gidan Rumji, idan ya yi niyyar ci gaba da karatu a cikin ƙasa, akasari hanyoyi biyu ne a gabansa. Ko dai ya shiga mota ya yi gabas, ya bi ta Tibiri ya sauka Maraɗi, inda zai tarar da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, ko kuwa ya yi yamma ta Madawa da Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, tafiyar fiye da kilomita 500, har ya ƙetare kogin Isa a Yamai ya isa Jami'ar Abdu Mumuni. Haka abin yake ga takwaransa na Agiye ko na Gazawa. Abin lura shi ne, mutanen biyu da aka raɗa wa waɗannan jami'o'i sunansu, duk a jihar Maraɗi aka haife su: ɗaya a Tasawa, ɗaya a cikin garin Maraɗi. Duk da haka, ɗalibai da dama sukan kammala karatu su karɓi takardar shaida mai ɗauke da sunan, ba tare da sun san ko wane ne mai shi ba, balle abin da ya tsaya a kai.

Hanyar karatu a zamanin mulkin mallaka

Ƙasar Katsinar Maraɗi da Gobir ba baƙuwar ilimi ba ce. Tun kafin zuwan Turawa akwai makarantun allo da zaurukan malamai, ana karanta fiƙihu da nahawu, ana rubuta wasiƙa da waƙa cikin ajami. Abin da ya zo da mulkin Faransa shi ne lakwal, kuma an shigo da ita ne domin samar da magatakarda da tafintoci da ƙananan ma'aikata. Saboda haka ba a yawaita ta ba, iyaye kuma ba su amince da ita ba, har wasu kan ɓoye ƴaƴansu idan aka zo ɗiban yara. Lokacin da Nijar ta sami ƴancin kai a 1960, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai biyar cikin ɗari na waɗanda suka isa shiga ba, kuma babu jami'a ko ɗaya a faɗin ƙasar.

Yaron da ya nuna hazaƙa a wancan zamani, tilas ne ya yi ta nisa da gida: daga garinsu zuwa Damagaram ko Yamai, daga nan zuwa Senegal, daga Senegal kuma, ga wanda ya yi sa'a, sai Faransa. Kowane mataki yana ƙara nisanta shi da harshen uwa da gonar uba. Wannan ita ce hanyar da mutanen nan biyu suka bi, kuma abin da ya sa tarihinsu ya cancanci nazari shi ne yadda kowannensu ya komo, da abin da ya komo da shi.

Abdu Mumuni, malamin hasken rana

An haifi Abdu Mumuni Joffo a Tasawa ranar 26 ga Yuni 1929, ko da yake asalin gidansu na Kirtashi ne, a ƙasar Zabarma. Ya yi karatun farko a Damagaram da Yamai, sa'an nan ya shiga makarantar horon malamai ta William Ponty a Senegal, wadda ta yaye da yawa daga cikin shugabannin farko na Afirka ta Yamma. Daga nan ya wuce Paris, inda ya karanta kimiyyar fizik. A 1956 ya ci jarrabawar da Faransawa ke kira agrégation, wadda ita ce ƙololuwar jarrabawar malanta a tsarinsu, ya zama mutum na farko daga ƙasashen Afirka renon Faransa da ya ci ta a wannan fanni.

Mai irin wannan takarda yana iya zama a Faransa ya ci albashi mai tsoka har ƙarshen rayuwarsa. Shi kuwa sai ya koma Dakar yana koyarwa. A 1958, da ƙasar Gini ta ƙi amincewa da tsarin da Janar de Gaulle ya gabatar, Faransa ta janye ma'aikatanta, makarantu suka wayi gari babu malamai. Abdu Mumuni na cikin ƴan bokon Afirka da suka tafi Konakiri domin cike wannan giɓi, tare da irin su masanin tarihi Joseph Ki-Zerbo. Bayan haka ya yi ƴan shekaru a Tarayyar Sobiyet yana zurfafa bincike a kan makamashin hasken rana, sa'an nan ya yi aiki a Bamako daga 1964, inda ya jagoranci ɗakin bincike na wannan fanni. A 1967 ya sami babban digirinsa na dakta a Paris.

A 1969 ya dawo gida ya karɓi ragamar ofishin makamashin hasken rana na ƙasa, wato ONERSOL. Tunaninsa a bayyane yake: ƙasar da ke fama da ƙarancin itacen girki da tsadar man fetur, amma rana na dukanta kusan kullum, bai kamata ta ɗauki ranar nan a matsayin azaba kawai ba. A ofishin aka riƙa ƙera na'urorin ɗuma ruwa da na tace shi da murhun girki masu aiki da zafin rana, a lokacin da ƙasashe masu arziki da yawa ba su ɗauki fannin da muhimmanci ba. A 1979 ya zama shugaban jami'ar Yamai, bayan masanin lissafi Bubakar Ba, wanda ya jagorance ta tun kafuwarta. Ya rasu ranar 7 ga Afrilu 1991, aka kuma raɗa wa jami'ar sunansa a 1992.

Ga malaman makaranta, gadonsa mafi kusa shi ne littafinsa L'Éducation en Afrique, wanda ya fito a 1964. A ciki ya bayyana yadda tarbiyyar gargajiya ke haɗa koyo da aiki, yaro na koyon noma a gona, yana koyon ƙira a maƙera. Ya nuna yadda makarantar mulkin mallaka ta raba ilimi da rayuwar jama'a, sa'an nan ya kafa hujja cewa ba za a yaƙi jahilci a Afirka ba sai an koyar da yara cikin harsunansu. Mutumin da ya ƙware a Faransanci har ya doke Faransawa a jarrabawarsu, shi ne ya faɗi haka.

Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, masani a kujerar mulki

An haifi Ɗan Dikko Ɗan Kulodo a Maraɗi a 1934, yana yaro lokacin da ambaliyar 1945 ta ci tsohon garin da ke cikin fadama, aka tashe shi zuwa kan tudu. Ya karanta kimiyyar sinadarai a Mompeliye, a kudancin Faransa, sa'an nan ya koyar a jami'ar Abijan. A 1972 Shugaba Jori Hamani ya naɗa shi ministan ilimi, a wani mawuyacin lokaci da fari ya halaka dabbobi ya kore manoma daga garuruwansu, ɗalibai kuma na yawan yajin karatu.

Bai daɗe a kujerar ba, amma abubuwa biyu masu nauyi sun faru a zamaninsa. Na farko, cibiyar karatun gaba da sakandare da aka buɗe a Yamai a 1971 ta zama cikakkiyar jami'a a 1973. Na biyu, a wannan shekara ce aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara suka fara karatu da Hausa kafin a shigo musu da Faransanci. Wato abin da Abdu Mumuni ya rubuta a littafi shekara tara kafin nan, ya fara shiga aji a lokacin da ɗan Maraɗi ke riƙe da ma'aikatar.

A 1974 ya zama babban sakataren hukumar haɗin gwiwar al'adu da fasaha ta ƙasashe masu amfani da Faransanci, wato ACCT, wadda aka kafa a Yamai ranar 20 ga Maris 1970. Ya gaji Jean-Marc Léger, ɗan ƙasar Kanada, ya zama ɗan Afirka na farko a wannan muƙami, ya kuma riƙe shi har farkon shekarun 1980. Hukumar ce daga baya ta rikiɗe ta zama ƙungiyar Farankofoni. Ya rasu a 1998, ba tare da ya ga jami'a a garinsu ba.

Jami'a ta iso gida

Kusan shekara arba'in jami'ar Yamai ita kaɗai ce ta gwamnati a Nijar. Ɗan manomi daga Cadakori ko Saye Sabuwa sai ya tanadi kuɗin mota da na masauki a babban birni, ƴa mace kuwa sau da yawa iyaye kan ce nisan ya yi yawa. A 2008 aka buɗe cibiyoyin koyon fasaha a Maraɗi da Tawa da Damagaram a ƙarƙashin jami'ar Yamai, a 2010 kuma aka mayar da su jami'o'i masu cin gashin kansu. Ta Maraɗi ta sami sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo a 2014, kuma tana da tsangayoyin noma da muhalli, da kimiyya da fasaha, da kiwon lafiya. Ta Damagaram an sa mata sunan Andire Salifu, masanin tarihin da ya shugabanci babban taron ƙasa na 1991, ta Tawa kuma sunan Jibo Hamani, marubucin tarihin Adar da Abzin. Ta haka ƙofofin jami'o'in ƙasar suka zama tamkar jerin sunayen malaman farko na jami'ar Yamai da waɗanda suka yi ɗawainiyar kafa ta.

Abin da sunayen ke nema

Raɗa suna abu ne mai sauƙi, riƙe amanarsa ne ke da wuya. Kyan ɗa ya gaji ubansa, in ji Hausawa, kuma gadon mutanen nan biyu shi ne ilimin da ke komawa ga jama'a. Akwai misalinsa a cikin wannan yanki. Tun tsakiyar shekarun 1980, bayan farin da ya ƙone ƙasa, manoman jihar Maraɗi suka rungumi abin da ake kira sassaben zamani: maimakon a tumɓuke kututture a ƙone, sai a bar tohon gawo da kalgo da sabara, a rage rassa a bar masu ƙarfi su girma a cikin gona. Ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agiye ya yi suna a kan haka, har da kwamitocin sa ido na maza da mata. Masu bincike na jami'ar Yamai da na cibiyar binciken noma ta INRAN sun zauna da manoma, sun ƙirga itatuwa, sun auna amfanin gona, kuma binciken da aka yi a shekarun 2000 ya ƙiyasta cewa filin da ya farfaɗo ta wannan hanya a kudancin Nijar ya kai kimanin hekta miliyan 5. A nan manomi ne ya fara aikin, masani ya zo ya saurara ya rubuta, kuma da Hausa aka yi zancen.

Tambayar harshe ma ta sake tasowa. A Maris 2025 Nijar ta sanar da ficewarta daga ƙungiyar Farankofoni, wadda aka aza tubalinta a Yamai, wadda kuma Ɗan Dikko ya taɓa jagoranta. A cikin watan ne kuma kundin da hukumomin ƙasar suka ƙaddamar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Doka na iya ɗaga matsayin harshe, amma ba ta rubuta littafin lissafi na aji shida, ba ta ƙirƙiro kalmomin fizik da na sinadarai, ba ta horar da malamin da zai koyar da su. Wannan aiki ne na tsangayoyin jami'a, da makarantun horon malamai, da ƙungiyoyin raya al'adu, kuma shi ne aikin da Abdu Mumuni ya zayyana tun 1964.

Malamin kwaleji a Gidan Rumji ko Gazawa yana iya farawa da abu kaɗan: ya keɓe darasi guda a shekara ya ba ɗalibansa tarihin waɗannan mutane biyu. Ranar 7 ga Afrilu ta dace da haka, domin ita ce ranar da Nijar ta keɓe wa makamashin da ake sabuntawa saboda tunawa da rasuwar Abdu Mumuni. Ƙungiyoyin al'adu kuwa suna iya bin dattawan Maraɗi da Tasawa da suka san su, su naɗi abin da suka tuna tun suna da rai, su kuma nemi a fassara littafin 1964 zuwa Hausa, domin malamin ƙauye da iyayen yara su karanta da harshensu abin da ɗan Tasawa ya rubuta a kan makarantarsu.