Tarihin Man Giyar Baya a Motocin Akori-kura na Amurka

Giyar baya, wadda ake kira difarenshiyal, ita ce ke karɓar ƙarfin inji daga farfela ta raba shi ga tayoyin baya biyu. Idan mota ta sha kwana, tayar waje takan ci tazara fiye da ta ciki, don haka dole ta fi ta saurin juyawa, kuma giyar baya ce ke ba da damar hakan. Wani Bafaranshe mai ƙera agogo, Onésiphore Pecqueur, shi ne ya yi rajistar wannan dabara a ƙarshen shekarun 1820 domin abin hawa mai aiki da tururi.

A farkon zamanin mota, ba a wahalar neman abin da za a zuba wa wannan giya. Mai kauri irin wanda ake sa wa injin tururi, wanda aka sani da 600W, ya wadatar, domin haƙoran giyar lokacin birgima suke yi a kan juna ba tare da guga mai yawa ba. Haka lamarin yake har lokacin da kamfanin Ford ya fitar da akori-kurarsa ta farko daga masana'anta a 1925.

Sauyi ya zo daga kamfanin Gleason da ke Rochester a jihar New York, wanda ya ƙirƙiro giyar da ake kira haifoid a tsakiyar shekarun 1920. Packard ne ya fara sa ta a motocinsa a 1926. A wannan tsari, ƙaramar giyar da ke bakin farfela tana zama ƙasa da tsakiyar babbar, abin da ya ba da damar sauke gangar mota, ya rage ƙara, ya kuma ƙara wa haƙoran ƙarfi. Sai dai haƙoran haifoid suna gugar juna yayin da suke juyawa. Matsi da zafi kan kore man gargajiya daga tsakaninsu, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, haƙoran su karce ko su manne.

Wannan matsala ce ta haifar da man giya na zamani. A shekarun 1930 aka fara gauraya mai da farar wuta da sinadarin dalma, daga baya aka koma ga haɗin farar wuta da fosforas, wanda ake amfani da shi har yau. Idan zafi ya tsananta inda haƙora suka haɗu, sinadaran kan yi wa ƙarfen wani siririn rufi, sai rufin ya riƙa cinyewa a madadin ƙarfen. Farar wutar ce ke sa wa man giya warinsa mai ƙarfi. An kuma daɗe ana amfani da man dabbar teku da ake kira wel a cikin irin waɗannan haɗe-haɗe, kafin dokokin kare ta su hana hakan a Amurka a farkon shekarun 1970.

Da nau'o'in mai suka yawaita, sai aka buƙaci ma'auni. Ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE ta tsara lambobin kauri kamar 80W-90 da 75W-140. Lamba ta farko tana nuna yadda man ke gudana cikin sanyi, ta biyu kuma kaurinsa idan ya yi zafi. Ma'aunin ya bambanta da na baƙin mai: man giya mai lamba 90 kaurinsa kusan ɗaya ne da baƙin mai mai lamba 40 ko 50. Cibiyar man fetur ta Amurka, API, ta raba man gida-gida gwargwadon juriyarsa. GL-5 shi ne na giyar haifoid mai ɗaukar nauyi, yayin da yawancin akwatunan giyar hannu ke buƙatar GL-4, saboda yawan sinadaran GL-5 na iya cutar da sassan tagulla da ke cikinsu.

A tsakiyar shekarun 1950 Studebaker da General Motors suka yaɗa giyar baya mai hana taya ɗaya sulɓi ita kaɗai a laka ko ƙanƙara. Irin wadda ke da faifan kuloci a ciki tana buƙatar ƙarin sinadarin daidaita guga, in babu shi sai ta riƙa karkarwa a kwana.

Jan tirela ya ƙara wa giyar baya nauyin da motar fasinja ba ta sani ba. Akori-kurar da ke jan tirelar dawaki ko kwalekwale a kan tudu takan ɗumama man giyarta na tsawon sa'o'i, zafi kuma yana tsinka mai, yana tsufar da shi da wuri. Shi ya sa man da aka haɗa ta hanyar kimiyya, wanda ya yaɗu tun daga shekarun 1970, ya samu karɓuwa, kuma Ford ya daɗe yana sa 75W-140 a giyar bayan akori-kurarsa da yawa. Littattafan masu mota sukan sa jan tirela cikin aiki mai tsanani, su rage tazarar canza mai, su kuma ce a canza shi idan giyar ta nutse a ruwa. Abubuwa uku ne mai irin wannan mota ke dubawa a yau: kaurin da maƙerinta ya faɗa, matsayin GL-5, da ko giyarsa na buƙatar sinadarin daidaita guga.