Goro da Asalin Zangon Ankara

Itacen goro ba ya yi a ƙasar Hausa, gama yana son kurmi da ruwan sama mai yawa. Duk da haka, 'ya'yansa ne suka kai Hausawa ƙasar Gana.

A zamanin dā fatake sukan tashi daga Kano da Katsina da jakuna, madugu yana shugabancin ayarin. Sukan ɗauki kanwa da tufafi da fatu, su yi watanni a hanya kafin su isa Salaga ta ƙasar Gwanja. Can mutanen Asante suke kawo goro. Ba a ɓoye gaskiya: a wannan kasuwa har bayi an sayar. Sai a ƙunshe goron cikin ɗanyen ganye, ana yayyafa masa ruwa don kada ya bushe kafin a kai gida. Wurin da ayari yake sauka, shi ake kira zango.

A 1874 Turawan Ingila suka ƙone Kumasi, ikon Asante a kan Salaga ya karye, goro ya ragu a kasuwar. A 1892 kuma yaƙin basasa ya watsa garin. Waɗansu suka nufi Kete Krachi, kamar Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano. Waɗansu suka gangara Akra, wadda Hausawan can suke kira Ankara, inda ake loda goro a jirgin ruwa zuwa Ikko. Da mutane suka yi yawa, Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango. Daga baya Nima da Mamobi suka cika da baƙi daga arewa. Zangon kwana ɗaya ya zama gida.

Amma a Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su fita. Cikin waɗanda suka tafi har da waɗanda aka haifa a Gana, ba su taɓa ganin garin kakanninsu ba.

Har yau ba a ɗaurin aure ko suna a Nima sai an raba goro. Wanda ya karɓa, ya kamata ya tuna baƙunci ne ya kawo kakannin unguwar. Littafin Firistoci 19:34 ya umarci Isra'ilawa su ƙaunaci baƙo, domin su ma sun yi baƙunci a Masar. Wannan umarni bai tsufa ba.