Kashe Haki da Magani a Gonar Ciyawar Bisashe

Ruwan sama ƙalilan ne a Arlit da Asamaka. Saboda haka ciyawar da bisashe ke ci, ko dai a kawo ta da mota daga nesa, ko a noma ta a garka da ruwan rijiya. Ruwan nan yana da tsada. Duk hakin banza da ya tsiro a gona yana shan ruwan da ciyawa mai amfani za ta sha. A kudu, a jihar Maraɗi, hakin da ake kira hatsin Maka ya mamaye makiyaya da yawa, ya hana ƙarangiya da ƙyasuwa fitowa.

Iri biyu na magani

Na farko shi ne mai zaɓe, kamar 2,4-D. Yana kashe haki mai faɗin ganye, ya bar ciyawa mai siririn ganye irin su gamba da dawar bisashe. Amma yana kashe luzan da wake, domin su ma masu faɗin ganye ne. Kada a fesa shi a gonar luzan.

Na biyu shi ne mai kashe kowane tsiro, kamar glifosat. Wannan ba ya bambanta haki da ciyawa. Ana fesa shi kafin shuka kawai, don share fili.

Wanda doka ta hana

Ƙungiyar CILSS, wadda Nijar take cikinta, ta hana parakat a shekarar 2011, ta kuma hana atrazin a 2015. Duk da haka ana samun su a kasuwanni. Kurɓi ɗaya na parakat yana iya kashe mutum, kuma ba shi da makari. Kafin ka saya, ka nuna kwalbar ga ma'aikacin gona.

Yadda ake fesawa

1. A fesa tun haki yana ƙarami, yana da ganye uku zuwa biyar. Tsohon haki ba ya jin magani.
2. A ba gona ruwa kwana ɗaya kafin fesawa. Hakin da ƙishirwa ta kama ba ya shan magani sosai.
3. A fesa da sassafe, lokacin da babu iska. Da zafin rana tururin 2,4-D yana tashi, ya lalata tumatir ɗin maƙwabci.
4. A auna daidai yadda aka rubuta a jikin kwalba. Ƙari ba ya ƙara ƙarfi, sai dai ya ƙone ciyawa.
5. A sa takalmi, da safar hannu, da riga mai dogon hannu. Rawani kaɗai ba ya tare guba.

Bayan fesawa

A tsare raƙuma da awaki, kada su shiga, kada kuma a yanke ciyawar, sai kwanakin da aka rubuta sun cika. Bisa takan ci hakin da ya yi yaushi, ko da mai dafi ne wanda take gudu a da.

A ɗauraye kwalba sau uku, a zuba ruwan cikin famfon fesawa, sannan a huda ta. Kada a zuba nono ko ruwan sha a cikinta. Kada a wanke famfo a bakin rijiya, domin a hamada rijiya ɗaya takan shayar da mutane da bisashe tare.

Idan gonar ƙarama ce, hauya ta fi araha, kuma ba ta da haɗari. Wanda karatun takardar kwalba ya yi masa wuya, ya nemi malamin yaƙi da jahilci su karanta tare.