Seydou Keïta da rigimar wankin hotunansa

Matasa masu ɗaukar hoton biki sun sake kamuwa da son baƙi da fari, kuma duk wanda ya nemi gwanin da zai yi koyi da shi a Afirka ta Yamma, sunan Seydou Keïta na Bamako ake fara ambata masa. Sai dai hotunansa da ke yawo a intanet, masu baƙi wuluk da fari fat, ba haka masu su suka karɓe su daga hannunsa ba.

Kafinta ne tun asali. A 1935 kawunsa ya dawo daga Senegal da kyamara ƙirar Kodak Brownie ya ba shi, a 1948 kuma ya buɗe shago a unguwar Bamako-Coura. Ya fi yarda da hasken rana, don haka a tsakar gida yake yawan aiki. Zai rataya ƙyalle a bayan mutum (na farkon ma mayafin gadonsa ne), ya gyara masa zama, ya ɗan karkata masa kafaɗa, ya daidaita masa yatsu, sannan ya danna sau ɗaya tak, saboda fim na da tsada. Mai son burgewa kuwa akwai rediyo da agogo da babur Vespa na aro. Da yake babu kala, sai ya dogara da zane: atamfa mai furanni a gaban labule mai ganye, amma fuskar ba ta ɓacewa a tsakaninsu. Nagatif ɗinsa babba ne, santimita 13 da 18, kuma a kan takarda yake ɗora shi kai tsaye, hoton ya fito daidai girmansa.

A 1962 gwamnatin Mali ta ɗauke shi aiki, ba da jimawa ba shagon ya rufe.

A 1991 aka baje wasu hotunansa a New York ba tare da sunansa ba. Jean Pigozzi, attajiri mai tara kayan fasahar Afirka, ya gan su ya tura André Magnin Bamako neman mai su. Malick Sidibé, shi ma mai hoto, yana gani ya ce aikin Keïta ne. Magnin ya tafi Faransa da nagatif fiye da 900, aka wanke su manya-manya, aka ƙara wa baƙin duhu da farin haske. A 1997 gidan baje kolin fasaha na Gagosian da ke New York ya baje su, wasu sun haura mita ɗaya, ana sayarwa da dubban daloli.

A 2001 Keïta ya raba gari da Pigozzi da Magnin, ya ƙulla yarjejeniya da wani dillali, Jean-Marc Patras, ya nemi a maido masa kayansa. Ya rasu a Paris a watan Nuwamba na shekarar, shari'a ta biyo baya. Ɓangaren Patras ya sake wanke hotunan da laushi, launin toka ya yawaita, har saƙar tufafin ta fito.

Magnin ya ruwaito cewa Keïta ya yi murna matuƙa da ya ga aikinsa da girma, kuma babu dalilin ƙaryata shi. Amma murnar dattijo daban, abin da idonsa ya auna a tsakar gidan nan daban. Ƙananan hotunan da ya wanke da kansa sun fi gaskiya, domin a cikinsu ake ganin yadda ya sarrafa hasken rana a kan baƙar fata ba tare da farar babbar riga ta ƙone ba, wanda shi ne abin da ke wahalar da masu hoto har gobe. Da aka yi babban baje kolin aikinsa a Grand Palais na Paris a 2016, an rataya irin waɗannan tsofaffin ƙananan tare da manyan.