Tarihin JTAG da Manhajojin Binciken Kurakurai a Ƙananan Na'urori

Ƙananan kwamfutocin da ake dasawa a cikin motoci, da mitocin wuta, da injinan asibiti ba su da allon kallo ko madannai, saboda haka idan manhajar da ke cikinsu ta cije, injiniya ba shi da hanyar ganin abin da ya faru sai da kayan aiki na musamman. A shekarun 1970 maganin da aka samo shi ne na'urar kwaikwayo, irin ICE-80 da kamfanin Intel ya fitar a 1975, wadda ake cire furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, a soka ta a gurbinsa domin ta yi aikinsa tana kuma bayyana duk abin da ke gudana. Sai dai tana da tsada ƙwarai, kuma kowane furosesa da irin tasa.

A daidai wannan zamani masana'antu na fama da wata matsalar daban, ta tabbatar da cewa kowace ƙafar guntun lantarki, wato cip, ta kama dalma a kan allo. Suna yin haka da wani faranti mai tsinayen ƙarfe da ake kira gadon ƙusoshi, amma da allunan suka ƙara cunkushewa, ƙafafun kuma suka ƙanƙance, sai tsinayen suka kasa kaiwa gare su. Wannan ya sa wasu kamfanonin Turai, ciki har da Philips, suka kafa kwamiti a 1985, wanda bayan shigowar kamfanonin Amurka aka san shi da Joint Test Action Group, ko JTAG a taƙaice. A 1990 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta amince da aikinsu a matsayin ma'auni mai lamba 1149.1. Dabarar ita ce a gina abin gwajin a cikin cip ɗin kansa, a jera ƙananan ma'adanai a bayan kowace ƙafa, sannan a yi magana da su ta wata ƙofa mai wayoyi huɗu kacal: TCK mai bugun lokaci, TMS mai zaɓen mataki daga cikin matakai 16 na mai kula da ƙofar, TDI mai shigar da bayanai, da TDO mai fitar da su.

Ba a daɗe ba masu ƙera furosesa suka lura cewa ƙofar da aka buɗe don duba dalma za ta iya kaiwa har cikin ƙwaƙwalwar, a tsayar da ita, a karanta ma'adanarta, a sake ta ta ci gaba da umarni ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda kamfanin ARM ya yi a furosesansa ARM7TDMI. Amma ma'aunin bai fayyace komai game da wannan sabon amfani ba, domin ya tsara yadda bayanai za su wuce ne kawai, bai tsara ma'anarsu ba. Kowane kamfani sai ya ƙirƙiro nasa umarnin, ya sayar da nasa akwatin haɗi, wato wanda ke haɗa kwamfutar injiniya da na'urar, da tasa manhajar, kuma daga nan ne nauyin aikin ya koma kan manhajar da ke tsakiya, wadda ke karɓar buƙatar injiniya ta mai da ita jerin bugun lantarki da wannan cip ɗin zai gane.

Manhajoji biyu na kyauta ne suka sauya wannan yanayi. GDB, manhajar binciken kurakurai wadda Richard Stallman ya rubuta a 1986, ta samu ƙa'idar sadarwa mai sauƙi da take aika saƙo da ita zuwa na'urar da ke nesa, inda kowane saƙo ke farawa da alamar $ ya ƙare da # da lambobin tantancewa biyu. A 2005 kuma Dominic Rath, ɗalibi a wata jami'ar fasaha da ke Augsburg ta Jamus, ya rubuta OpenOCD, manhajar tsakiya da ke karɓar saƙon GDB ta isar da shi ga cip, a matsayin aikin kammala karatunsa, ya kuma raba ta hawa-hawa, ta yadda sashen da ke magana da akwatin haɗi daban, wanda ya san ƙa'idar sadarwa daban, wanda ya san furosesa shi ma daban. Wannan rabe-raben ne ya sa lokacin da ARM ya kawo SWD, ƙa'idar da ke aiki da wayoyi biyu domin ƙananan cip masu ƙarancin ƙafafu, da lokacin da furosesan RISC-V suka bayyana, aka ƙara musu sassa ba tare da an rushe ginin ba.

Amfanin wannan ya wuce sauƙin aiki, domin abin da a da sai babban kamfani ke iya mallaka ya zama ɗalibi da mai gyara suna iya yin sa da akwati mai araha. Duk da haka ƙofar da ke shigar da injiniya tana iya shigar da ɓarawon manhaja, shi ya sa kamfanoni da yawa ke kulle ta kafin kaya su bar masana'anta, kuma wannan kullewar ce ke yanke hukunci a kan ko na'urar da ta lalace za ta gyaru a hannun wanda ya saye ta ko kuwa sai ya jefar da ita.