Ɗan alaro, raƙumi da jirgin ƙasa: yadda aka kai yaƙi Agadas a 1917

Malaminmu na ilimin harsuna ya ba mu aikin tattara kalmomin aro a bakin tsofaffi, sai na tafi gida Madarumfa da littafina. A nan na ji wani dattijo ya ce wa jikansa: "Ka ɗauko kaya kamar ɗan alaro." Na bincika, ashe kalmar daga Yarbanci ta zo, ma'anarta mai ɗaukar kaya a ka don a biya shi. To me ya kawo kalmar kudu har bakin tabkinmu? Fatauci ya kawo ta, babu shakka, amma bin sawun masu dako ya kai ni ga wani yaƙin da littafin lakwal ya ba mu rabinsa kawai.

A watan Disamba 1916 Kawsan ya kewaye barikin Faransawa na Agadas, da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama. Yana da alaƙa da Sanusiyya, kuma ya zo da bindigogi da igwa waɗanda aka ƙwace daga hannun Italiyawa a Fezan. A lakwal an ce mana rundunar Kanar Mourin ta taso daga Damagaram a Fabrairu 1917, ta shiga Agadas ranar 3 ga Maris. Shi ke nan. Ba wanda ya tambaya: su sojojin ta ina suka iso Damagaram ɗin?

Ta ƙasar Ingilishi suka biyo. An ɗebo su daga Dakar a jirgin ruwa zuwa Ikko, suka hau jirgin ƙasa zuwa Kano, layin da bai fi shekara shida da isowa birnin ba, don a 1911 ya iso. Ka ji fa: Faransa na mulkin ƙasa, amma ba ta iya kai ɗauki cikinta da sauri sai ta roƙi maƙwabci hanya. Gwamna Lugard ya yarda, har ya tura nasa sojojin suka ƙetare iyaka zuwa wajejen Tasawa da Madawa. Shi ma ba don Allah ya yi ba, tsoro yake kada wutar ta gangaro Katsina da Sakkwato.

A Kano ƙarfe ya ƙare. Daga nan zuwa Damagaram fiye da kilomita 200 ne, daga Damagaram zuwa Agadas kuma sama da 400, kuma bayan Damargu ruwa sai rijiya nan da can. Harsashi, gero, salkar ruwa, duk sai a kan mutum, ko bayan jaki da takarkari da raƙumi. Kuma wa ke da geron? Talakan da bai gama farfaɗowa daga yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ba. Kumandan ya aika wa sarki, sarki ya aika wa mai gari, mai gari ya nuna gida. Wannan shi ne aikin dole, kuma sunayen waɗanda suka yi shi ba su shiga littafinmu ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, jigilar da kanta tana cikin abin da ya haddasa yaƙin. Shekara da shekaru Faransawa na ƙwace raƙuman Abzinawa don kai kaya barikokinsu na hamada, irin su Bilma. Mutumin da raƙumi ne gonarsa da kasuwarsa, ka karɓe shi bayan fari, me kake jira ya yi?

A bakinmu ma an bar sawu. Mu nan muna cewa sarjan da kumandan, ƴan uwanmu na Jibiya, tafiyar da ba ta kai awa guda a mota ba, suna cewa saje da kwamanda. A 1917 masu saje da masu sarjan sun yi wa Turawa biyu aiki guda.

Na tuna da wannan duka a Oktoba 2023, lokacin da sojojin Faransa suka fara ficewa. Iyakar Benin a rufe, ta Najeriya a rufe saboda takunkumin Sedeyawo, ba Kwatano, ba Ikko. Dole ayarin motocinsu ya miƙe gabas ta ƙasa zuwa Injamena, sama da kilomita 1,600, tafiyar fiye da mako guda. Na ƙarshensu sun tashi daga Yamai ranar 22 ga Disamba.